Littafin aikina kan tumbin ɓera: su wa ke sabunta shimfiɗar ciki?

6 ga Janairu

Na buɗe wannan littafi ne don kada in wayi gari bayan wata uku ina tambayar kaina me ya sa na yi kaza. Tambayar aikin gajeriya ce. Tumbi yana zuba asid mai narkar da nama, alhali shi ma nama ne. Shimfiɗar da ta lulluɓe cikinsa kullum tana goguwa, kullum ana mayar da wata. To su wa ke haifar sababbin ƙwayoyin halitta na wannan shimfiɗa, a ina suke zaune, kuma masu aikin ranar lafiya su ne dai masu aikin ranar rauni?

In ka sa shimfiɗar a ƙarƙashin maikuroskof za ka ga 'yan rijiyoyi ne dubbai, kafaɗa da kafaɗa. Kowace rijiya tana da baki, sai wani matsatsi a ƙasan bakin, sai wuya, sai gindi. Ƙwayoyin baki yauƙi suke yi, wanda ke kare bangon. Can ciki akwai manyan ƙwayoyi masu fitar da asid, a gindi kuma masu yin pepsinojin, wanda asid ke mayarwa sinadarin narkar da nama. A 1993 Sherif Karam da Charles Leblond na jami'ar McGill a Kanada suka auna tsawon ran kowanne a jikin ɓera: ta baki kwana 3 kacal, mai asid kusan kwana 54, ta gindi fiye da wata shida. Gida ɗaya, wani ɗan kwana uku, wani ɗan rabin shekara.

Dabarar da zan bi ita ce shafa wa uwa fenti don in gane 'ya'yanta. Ɓerayenmu suna ɗauke da wani makulli da aka liƙa wa ƙwayar gado mai suna Lgr5. In aka yi musu allurar tamoksifen, maganin da ke buɗe makullin, duk ƙwayar da Lgr5 ke aiki a cikinta za ta koma ja har abada, ita da duk zuriyarta. Nick Barker da Hans Clevers ne suka ƙera irin wannan ɓera a cibiyar Hubrecht da ke Utrecht, suka nuna ƙwayoyin tushe, wato iyayen da ke haifar sauran, na hanji a 2007, na ƙarshen tumbi kuma a 2010. Ba sabon abu zan gano a zagayen farko ba. So nake hannuna ya faɗa tukuna.

Takardar kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ta fito tun watan jiya. An yaye 'ya'yan ɓera 23.

9 ga Janairu

Karon farko da na buɗe tumbin ɓera da hannuna. Duka-duka bai wuce ƙwayar wake babba ba. Na tsaga shi ta gefensa mai doguwar lanƙwasa, na wanke, na shimfiɗa shi da 'yan allurai a kan faranti. Abin da ya ba ni mamaki, duk da na karanta, shi ne kusan rabinsa na sama fari ne sol, mai kauri kamar fata, babu rijiya ko ɗaya. Rumbun ajiyar abinci ne, mutum ba shi da irinsa. Wani ɗan tudu ya raba shi da sashen tsakiya mai ja-ja inda masu asid suke, daga nan sai sashen ƙarshe mai haske, dab da mafita zuwa hanji.

Na yaga na farko da hantsaki. Na biyu ya yi kyau. Mai kula da ɓerayen, dattijo ne da ya fi ni shekaru a aikin nesa ba kusa ba, ya leƙo ya ce, "Ki riƙe ta farin, yarinya, can ba ya jin ciwo." Na ce, "To Baba, na gode." Gaskiyarsa.

Ban saba da kashe su ba, kuma ba na jin ina son in saba.

14 ga Janairu

Haɗa ruwan magunguna, lakabta kwalabe, koyon injin yanka mai sanyi. Yatsuna sun daskare.

20 ga Janairu

Sakamakon gwajin gado ya fito: 11 cikin 23 ke ɗauke da makullin. Haka lissafi ya ce, kusan rabi. Ba yadda za a yi a sami duka, don ɓeran da ya gaji makullin ta uwa da uba ba ya rayuwa bayan haihuwa, tunda an toshe masa Lgr5 gaba ɗaya. Ke nan kowane zagaye rabin 'ya'yan ba na wannan gwaji ba ne, amma suna ci, suna sha, ana biyan kuɗin kejinsu kullum. Kuɗin keji shi ne ɓarawon da ba a jin motsinsa a wannan aiki. Zan yi amfani da su wajen gwaje-gwajen da ba sa buƙatar jan fenti.

An haifi zagaye na biyu jiya da daddare.

29 ga Janairu

Kafin na farko su cika mako 8, na gwada EdU a kan waɗanda ba su da makulli. Sinadari ne da ke shiga cikin DNA na duk ƙwayar da ke shirin rabuwa biyu a lokacin. Na yi allura, na jira awa 2 a wasu, kwana 3 a wasu.

Na awa 2 ya fito kamar an ja layi da rula. A sashen tsakiya, masu rabuwa sun yi ɗamara a matsatsi, sama-sama, gindi kuwa shiru. A sashen ƙarshe ɗamarar ta sauko ƙasa, kusa da gindi. A na kwana 3 alamar ta hau har bakin rijiya, wasu ma suna gab da faɗawa cikin tumbi. Na daɗe ina kallo. Abin da Karam da Leblond suka gani ke nan da sinadari mai tururin nukiliya da farantin hoto, suna jira makonni kafin hoto ya fito, ni kuwa na same shi da rana ɗaya.

Abin lura: sassan biyu ba tsarinsu ɗaya ba. Duk abin da jan fenti zai nuna mini a ƙarshen tumbi, kada in ɗora wa tsakiya.

5 ga Fabrairu

Awon nauyi. Duka tsakanin giram 19 da 24.

12 ga Fabrairu

An gama allura: ɓeraye 8 sun sha tamoksifen kwana uku a jere, 3 sun sha man masara zalla don kwatance. Ban haɗa sabon magani ba, na tarar da wata kwalba a firiza an naɗe ta da takardar azurfa, an rubuta miligiram 5 a kowane mililita, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Niyyata miligiram 1 ga kowane giram 20 na nauyi. Ɓerayen sun ɗan yi laushi, biyu sun rage nauyi. Na rubuta, na wuce.

13 ga Fabrairu

Na ɗebi tumbin biyu masu magani da ɗaya na mai. Fomalin, ruwan sukari, daskarewa.

21 ga Fabrairu

Wannan makon ya sha ni, bari in rubuta shi dalla-dalla.

Ranar 18 na rina yankan farko da antibodi, sinadarin da ke manne wa abu guda tak ya haska shi, a nan famfon da ƙwaya ke fitar da asid da shi, don in ga masu asid su zama mini alamar hanya a sashen tsakiya. Da na duba, wayam. Ɗaya nan, ɗaya can, sauran duhu. Nan take na ɗora wa antibodin laifi, na ce ya kwana biyu a firji. Ranar 20 na aro na wata abokiyar aiki, na sake, na ƙara yawa. Wayam. A ranar kuma na ɗebi tumbin wasu biyu na kwana 10 kamar yadda jadawali ya ce, ban san ina ƙara asara ba.

Duk wannan lokaci tumbin ɓeran da ya sha mai zalla yana firiza ban yanka ba, wai ina tattalin lokaci. Jiya da yamma na yanka shi, na rina da tsohon antibodin da na zarga. Da safen nan masu asid suka fito reras, rijiya cike, kamar an kunna fitilu. Antibodi lafiyarsa lau. Ɓerayen da na yi wa allura ne ba su da ƙwayoyin.

Na yi rini na gargajiya, shuɗi da ruwan hoda, na ajiye gilasan biyu gefe da gefe. A na mai, masu asid manya ne, zagayayyu, ƙwayar tsakiyarsu a tsakiya daram kamar soyayyen ƙwai. A na magani babu su, sai gawarwakinsu a cikin ramin rijiya. Ƙwayoyin gindi kuma, da ya kamata su cika da 'yan ƙullin pepsinojin, sun yi fayau, sun zama wasu iri.

Na kai wa shugabar ɗakinmu. Ko minti ɗaya ba ta yi a kan maikuroskof ba ta ɗago ta ce, "Nawa kika ba su?" Na ce, "Miligiram ɗaya, Malama." Ta ce, "Kawo kwalbar." Da muka karkata ta a hasken taga, sai ga inuwar wani 2 a gaban 5 ɗin, sinadarin goge hannu ya cinye tawadar. Miligiram 25 ne. Na ba su ninki biyar, miligiram 5 ga giram 20, kwana uku.

Abin haushi da ban dariya, wannan shi ne daidai awon da ake bayarwa da gangan in ana son a kashe masu asid. Ɗakin binciken Jason Mills a Sent Luwis ta Amurka ne suka ba da rahoton haka a 2012: tamoksifen mai yawa yana hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na masu asid cikin kwana uku, sannan tumbin ya farfaɗo cikin makonni biyu zuwa uku. Na san da takardar. Na ma ja layi a ƙarƙashin wannan jimla. Sanin bai hana ni ɗaukar kwalbar da ban haɗa da hannuna ba.

Na tambayi Malama ko zan iya ƙirga ja a sashen ƙarshe duk da haka, tunda can babu masu asid da yawa. Ta ce in yi tunani. Na yi: in asid ya ɗauke, ƙwayoyin da ke fitar da gastirin, sinadarin da ke umartar tumbi ya zuba asid, suna ƙara himma, su kuwa a sashen ƙarshen suke zaune. Ba zan iya rantsewa cewa abin da na gani can halin ranar lafiya ne ba. Fentin da na shafa don in kalli gidan shi ya rushe rabin gidan.

Asara: ɓeraye 8, mako 8 na renonsu, rini biyu na antibodi, ɗaya ma aro ne. Saura 4 da rai. Mun yanke shawarar kada ransu ya tafi a banza: zan bi farfaɗowar, biyu a kwana 14, biyu a kwana 21. Na rubuta wa kwamitin dabbobi abin da ya faru, don awon ya wuce abin da suka amince.

Kwalbar ba ni na haɗa ta ba, amma ni na ɗauka.

24 ga Fabrairu

Na rina yankan kwana 3 da Ki67, alamar ƙwayar da ke cikin rabuwa. Wannan ya ɗan share mini hawaye. Ɗamarar matsatsi ta faɗaɗa sosai, sannan ga masu rabuwa a gindi, inda a ɓera mai lafiya da ƙyar ka ga ɗaya. Na haɗa alamu biyu, GIF na ƙwayoyin gindi da GSII na ƙwayoyin wuya masu yauƙi. A mai lafiya kowanne da unguwarsa. A nan ƙwaya ɗaya tana ɗauke da duka biyun. Wannan ne abin da James Goldenring na jami'ar Vanderbilt ya sa wa suna SPEM. Tsohuwar ƙwaya da ta gama girma, ta kama sana'a, ta ajiye kayan aikinta ta koma haihuwa. A 2018 mutanen Mills suka raɗa wa wannan komawa baya suna palijenosis: ƙwayar tana fara cinye kayan cikinta, sannan ta kunna ƙwayoyin gado na ƙuruciya, sannan ta rabu.

Ƙaramin tarko ga mai karatun littafin jikin mutum: GIF a jikinmu masu asid ne ke yin sa, a ɓera kuwa ƙwayoyin gindi. Na taɓa ruɗewa a kan wannan.

Har yanzu masana ba su gama sasantawa ba kan ko duk waɗannan ƙwayoyi daga gindi suke, ko wasu daga wuya da matsatsi suka gangaro. Hotona ba zai raba gardamar ba, hoto ne na rana guda. Amma yanzu na gane me ya sa ake gardamar. Da yawa daga ɓerayen da ake bin zuriya da su tamoksifen ne ke kunna su, shi kuma yana iya tayar da masu barci.

28 ga Fabrairu

Kafin zagaye na biyu su girma na gwada renon rijiyoyi a faranti. Ana jiƙa naman a ruwan EDTA mai sanyi, wanda ke sassauta shi, a danna, rijiyoyin su fito ɗai-ɗai kamar 'yan yatsu, a zuba su cikin Matrigel, wani abu mai danƙo da ke riƙe su, a rufe da ruwa mai sinadaran da ke sa su girma: Wnt, R-spondin, Noggin, EGF, FGF10 da gastirin. Matrigel ruwa ne a kan ƙanƙara, da ya ji ɗumi sai ya kame. Na manta ban sanyaya bakin bututun ba, ya kame a ciki, na zubar da kusan rabin mililita. Wanda ya san tsadarsa zai gane me ya sa na yi shiru na minti biyar. Kwalba ɗaya ta fi duk sauran kayan wannan wata kuɗi.

Yau, kwana uku da shukawa, naman gwari ya mamaye ramuka biyar cikin shida, zare-zare fari kamar auduga. Ina zargin farin sashen nan na sama, inda abinci ke kwana, ban yanke shi da wuri ba. Na zubar da duka.

3 ga Maris

Ɗiban kwana 21. Sauran na kwana 14 suna jiran rini.

7 ga Maris

A kwana 14 masu asid sun dawo da yawa, ƙanana, galibi kusa da matsatsi, inda aka haife su. A kwana 21 sai na duba lamba kafin in bambanta shi da na mai. Gindi ya koma barcinsa. Ɓeraye biyu-biyu ba su isa a kafa hujja ba, amma sun isa in ga abin da idona.

Abin da ke damuna shi ne wannan warkewa ta samu ne don raunin na kwana uku ne. A cikin mutum, ƙwayar cutar tumbi mai suna Helicobacter pylori tana zama shekaru tana hura wuta, masu asid suna ta mutuwa, ƙwayoyin da suka koma ƙuruciya ba sa samun sararin komawa sana'arsu. Ta wannan hanya ce ake ganin kansar tumbi ke samun gindin zama.

11 ga Maris

Reno na biyu, wanda na shuka ranar 4, ya kama. Wannan karon na cire farin sashen tun kafin in tsaga, na wanke har ruwan ya fito garau, bututu kuma sun kwana a firiza. Washegari bakin rijiyoyin ya rufe, suka zama 'yan ƙwallaye. Yau wasu ana ganinsu da ido, masu rami a tsaka, waɗansu da 'yan ƙusoshi a gefe. Na farfasa su na raba ramuka uku-uku. A ramuka biyu na janye Wnt in ga ko za su karkata zuwa ƙwayoyin baki.

17 ga Maris

Zagaye na biyu: 9 masu makulli. Na auna garin tamoksifen da kaina, na narkar, na rubuta awon a jiki da murfi da fensir, Malama ta sa hannu a lissafin. Allura ɗaya tak, miligiram 1 ga giram 20. Shida magani, uku mai.

21 ga Maris

Na fara yanka na mai, sannan sashen tsakiya na mai magani a kwana 3. Masu asid suna nan daram. Sai a lokacin na yarda na kalli ja.

A na kwana 1, can ƙasan rijiyoyin sashen ƙarshe, ja ɗaya ko biyu, 'yan mitsi-mitsi, a maƙale a gindi. Rijiyoyi da yawa babu komai, wasu wurare fili guda babu ja ko ɗaya. An san wannan ɓera da haka, makullin ba ya kamawa ko'ina. Sashen tsakiya kusan babu ja sam, wanda shi ma ba abin mamaki ba ne da irin wannan ɓera.

Ƙwallayen da na hana Wnt sun daina ƙusoshi, rinin yauƙin baki ya kama su sosai.

31 ga Maris

Yankan kwana 10. Ja ya tashi daga gindi har baki, zare ɗaya miƙe a jikin rijiya, a wasu ma ya kusa zagaye ta. Na kira Baba mai kula da ɓeraye ya gani, tunda shi ya rene su. Ya duba, ya ce, "Wannan duk daga guda ɗaya?" Na ce daga ɗaya ko biyu. Ya ce, "Ikon Allah," ya koma aikinsa.

Zaren kwana 10 bai isa shaida cewa uwar ta dindindin ce ba. Ƙwaya mai gajeren rai ma za ta iya yin zare, ya goge bayan makonni. Barker ya nuna nasa suna nan bayan fiye da shekara. Ni ina da ɓeraye har kwana 90 kawai, in ma zagaye na uku ya ba da isassu.

4 ga Afrilu

Zaman tsara mataki na gaba da Malama. Sashen ƙarshe ya zauna, saura ƙirga: rijiyoyi nawa ke da ja, nawa suka rine gaba ɗaya, a kwana 10, 30 da 90. Wani zai rufe lambobin gilasan kafin in ƙirga, don na san idona yana son ja.

Zuciyata kuwa tana sashen tsakiya. A 2013 Daniel Stange da abokansa sun nuna ƙwayoyin gindi masu alamar Troy suna iya zama ajiyar ko-ta-kwana. A 2019 ɗakin Bon-Kyoung Koo, da ɓeraye masu fenti kala-kala, suka nuna rijiyar tsakiya gida biyu ce: masu saurin rabuwa a matsatsi suna riƙe da sama, na gindi suna tafiyar hawainiya sai rauni ya zo. Wannan nake so in gwada, amma da rauni da fenti a rabe, kada abu ɗaya ya yi aikin biyu. Ke nan fenti da ƙaramin awo, a jira mako biyu maganin ya fita, sannan rauni da wani sinadari daban irin DMP-777 in za a samu.

Ana buƙatar wani jinsin ɓera, da sabuwar takardar kwamiti, da wata huɗu aƙalla kafin 'ya'yan farko su isa allura. Kuɗin keji zai ninka, don haka renon faranti zai ragu zuwa layi ɗaya, sauran in daskarar. Matrigel saura mililita 3. Ranar Litinin zan haɗa auren zagaye na uku, in fara rubuta takardar.